Na Je Umahiya Ganin Katafilar Kofur

Ana sallame sallar asuba munka tura jirgi daga bakin ruwan Wara, ni da buhunan albasa da fataken da albasar tasu ce. Ni ko lawashi ba ni da shi a cikin jirgin nan. Kayana buta ne da tabarma, da ƙullin ƙuli-ƙuli da busasshen kifi, sai wata tsohuwar kwat da na aro don kada mutanen kudu su raina ni. Babu wanda ya rako ni bakin ruwa. Mai ɗakina ta daɗe da rasuwa, 'ya'ya kowa yana inda abincinsa yake, wanda kuwa zai zo ya tsaya yana yi mini tsiya har jirgi ya ɓace, yana kwance.

Kafin jirgi ya yi nisa, bari in gaya muku abin da ya fitar da tsoho kamata daga gida. Ni mai fito ne, ko in ce na taɓa zama, kafin jiragen inji su zo su mai da mu 'yan kallo. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, kuma a yaƙin nan har yau ba a tabbatar da wanda ya ci ba, saboda haka in kun ga magana ta karkace ku miƙe ta da kanku. Ina da taubashi, ɗan yayan innata, kowa Kofur yake ce masa. Shekarar da ruwan dam ya haɗiye gungunmu, tsibirin da muke zaune, anka kwashe mu zuwa tudu, shi soja ya shiga, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ya dawo da igiya biyu a hannun riga, da kunne guda da ba ya ji sosai, da labari guda.

Wai wata safiya suna kwance a bakin gonar rogo, sai ga katafila ta fito daga cikin kurmi, irin wadda ake gyaran hanya da ita, amma an ɗinka mata rigar ƙarfe daga sama har ƙasa, an shafa mata jan fenti, an bar 'yan ramuka na leƙe, tana huci tana aman wuta. Wai harsashi yana dukanta yana tsalle kamar tsakuwa a kan kwano. Wai ya ruga har ya bar takalmi guda a cikin kunyar rogo. Ranar da ya fara ba da wannan labari a majalisarmu ta gindin mangwaro, na tambaye shi ko katafilar ta gyara musu hanyar kafin ta wuce. Shi ke nan fa. Daga ranar, duk wanda ya shirga ƙarya a Wara sai a ce masa, "Wagga katafilar Kofur ce." Har matan da ba su san fuskarsa ba suna faɗi in suna ciniki. Shi ma bai ƙyale ni ba. Ya bi gari yana cewa ranar da masu ɗaukar soja sunka zo, a ƙarƙashin kifaffen jirgi anka same ni. Gaskiya ne a can anka same ni, amma gyara nake yi.

Haka munka yi kusan shekara ashirin, kullum la'asar, ni da shi, sauran jama'a suna shan dariya kyauta. Da kakar da ta wuce ciwo ya buge shi, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Na je dubiya, na gan shi a kan tabarma ya koma kamar rabinsa, sai na ji bakina ya ce, "Sannu Kofur, Allah ya ba da lafiya." Tun muna yawo ba wando ban taɓa yi masa magana mai daɗi irin wannan ba. Ya dube ni, ya juya fuska bango. Tun daga nan duk zuwan da na yi ƙeyarsa nake gaisarwa. Uwargidansa ta ce kunu ma sai an yi da gaske yake haɗiya.

Ana nan sai wani direban da ke kai albasa kudu ya ce a majalisa, wai an ce a Umahiya an tara kayan yaƙin nan wuri guda don mutane su gani, har da motocin da mutanen can sunka ƙera da hannunsu. Shi bai shiga ba, ji ya yi. Na kwana biyu ina juya maganar. Ba ni da maganin da zan ba Kofur, ba ni da kuɗin kai shi asibitin Sakkwato. Abin da nake so kawai in samo abin da zai sa ya juyo daga bangon nan.

To, mu koma jirgi. Ruwa ya kwanta lumui a safiyar nan, masu taru sun riga mu fita. Da hantsi ya fara, na daidaita wani dutse na ƙetare da wani busasshen itace da ke leƙowa daga ruwa, na san inda muke. Mai injin haihuwar tudu ne, bai san kan abin da yake gudu ba. Munka bi ta kan kasuwarmu, ta kan masallaci, ta kan ɗakin da anka yanke mini cibi. Na ɗaga hannu zan nuna, na duba fuskokin da ke jirgin, babu wanda zancen zai dama. Na yi sallama a ciki-ciki, na mai da hannun na sosa kunne.

A Yelwa anka juye albasar cikin babbar mota, irin wadda ake ce wa roka. Gidan gaba na masu albasar ne. Mu marasa albasa kan buhuna anka ɗora mu, ni da wani mutumin Shanga mai kwandunan banda. Bazara ta kama, rana ta buɗe, albasa ta fara gumi a ƙarƙashinmu. In kun ji an ce an ga wani tsoho da kwat yana hawaye tsakanin Birnin Yauri da Kwantagora, albasa ce.

Na so in ɗan taɓa mutumin Shangan don hanya ta yi sauri. Na ce masa kifinsa ya fi shi kyan gani. Sai bawan Allah ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri Baba, in wani laifi na yi maka." Na rasa inda zan sa kaina. Da Kofur ne, kafin in rufe baki ya gaya mini abin da na yi kama da shi, da wanda ya haifi abin. Na ce wa mutumin babu komai, na ba shi ƙuli-ƙuli, ban sake taɓa shi ba har Tegina.

Hanya lafiya lau har Kwantagora, daga nan sai ramuka, wani in mota ta faɗa sai ka ji hanjinka ya gaisa da maƙogwaro. A Tegina munka ci tuwon dawa da wata miyar kuka wadda ina jin daga nesa anka nuna mata kukar. Kuɗinsa kuwa na tuwon shinkafa da kai da ƙafa ne a Wara. Taya ta fashe bayan Minna, munka kwana a bakin hanya, gari ya waye munka wuce Suleja.

A Kotonkarfe mota ta hau gada, na leƙa, sai ga kogin Kwara. Ruwan ƙofar gidana ne, na san launinsa, na san yadda yake naɗewa in ya sami dutse a ƙasa. Ya riga ni zuwa, bai biya kuɗin mota ba, bai sha warin albasa ba. Na ga wani mai fito can ƙasa yana riƙe da filafilin tuƙi riƙon da zai kashe masa kafaɗa kafin ya tsufa, na yi masa ihu, iska ta kwashe.

Daga Lakwaja ƙasa ta fara sauya kama. A Okene gidaje a kan duwatsu suke, ban san yadda tsofaffinsu ke zuwa masallaci ba. Gaba kaɗan itatuwa sunka miƙe, ƙasa ta yi ja, ga kwakwar manja ko'ina, ga ayaba tsibi-tsibi a bakin hanya ana roƙon mutum ya saya. Mu mun baro gida ƙasa tana tsagewa, su har an yi musu ruwa ciyawa ta fito. Inda munka tsaya cin abinci an tuƙa wani farin tuwon rogo mai tsami, da miya ja wur, da nama wanda ban san sunan dabbarsa ba, ban kuma san yadda zan tambaya ba. Na koma gefe na ci burodi da ayaba. Daga ranar har na dawo, burodi da ayaba ne sunka riƙe ni, har na fara jin kunyar birai.

A Asaba munka sake haye Kwara a kan wata doguwar gadar ƙarfe, munka faɗa Anacha. Jama'a, na ga kasuwa. Na ɗauka ranar kasuwar Yelwa ita ce ƙarshen hayaniya, ashe mu raɗa muke yi. Albasar da muke zubar wa awaki in ta fara laushi, can ƙwaya-ƙwaya ake jera ta kamar ƙwai, mace ta ɗauka ta juya ta ajiye don tsada. A nan na rabu da abokan tafiya. Direban ya sa ni a ƙaramar mota, ya gaya wa mai motar inda zai sauke ni, ya ce in same su a Anacha ranar da za su juya.

A motar nan babu mai jin Hausa. Wata mata ta ɗora mini kaza a cinya ba ta tambaye ni ba, na riƙe mata har Umahiya. Wani mutum ya miƙe yana wa'azi da yarensu yana gumi, in sun amsa in gyaɗa kai. Kazar ce kawai muke kallon juna.

Na sauka zangon Hausawa kusa da kasuwar shanu. Mutanen Barno da Adamawa ne yawancinsu, sun karɓe ni hannu biyu, sun ba ni wurin shimfiɗa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai sunka dubi juna. Wasu sun shekara goma a garin, babu wanda ya taɓa shiga gidan kayan yaƙin. Mai masaukina ya ce, "Baba, tun daga Yauri ka taso don ka kalli ruɓaɓɓen ƙarfe?" Na ce masa ai mai irin fuskata ba ya raina ruɓaɓɓen abu. Ya yi murmushin ladabi, ya sa anka kira mini tasi da safe.

Gidan yana bayan gari kaɗan, a kan wani tudu, fili ne babba an share shi tas. Kuɗin shiga bai kai na tuwon Tegina ba. Komai an kafa masa allo da rubutun Turanci, ni kuwa Turancina bai wuce "kam" da "go" ba. Na tarar da wasu masu ƙananan kaya ana zagawa da su ana bayani, na bi bayansu, in sun ce "oho" in ce "oho". Da mai bayanin ya fara dubana yana jiran in yi tambaya, na sulale na kama gabana.

Ɗakin farko kayan yaƙin kakanni ne, baka da kwari, masu, takubba, garkuwar fata, sulke. Har da bindigar toka, irin wadda maharban Kambari ke saɓawa har gobe a Ngaski, an sa ta cikin gilashi ana lallashinta. Da na sani da na aro ta maƙwabcina na zo na sayar musu. Ɗaki na biyu tufafin soja ne, an sa wa mutum-mutumi, an jera su tun daga na zamanin Turawa masu jar dara da gajeren wando da ɗamara, har zuwa kakin da munka sani. Babu mai fuska a cikinsu. Can kusa da ƙarshe na ga wani mai igiya biyu a hannun riga, tsayinsa ɗaya da mutumina. Na duba ƙafafunsa, takalma biyu cif. Na waiga babu kowa, na matsa na ce masa, "Kai dai ba ka gamu da katafila ba." Ya yi mini shiru. Na ce a raina, wannan shirun ai na baro irinsa a gida, ba sai na biya kuɗin mota ba.

Daga nan wani tsani ya gangara cikin ƙasa. Na bi shi ina dafa bango, sanyi yana tasowa. Ɗakuna ne a ƙarƙashin ƙasa inda mutanen can sunka ɓuya lokacin yaƙi, an manna hotuna a bango. Waɗannan ba sa bukatar Turanci. Garuruwa ne a ƙone, mata da kaya a ka suna bin hanya, da yara masu manyan cikuna da ƙafafu kamar sillen kara, suna kallon mai hoto. Akwai sojoji kwance a bakin hanya, ban san na wane ɓangare ba ne, takalmansu iri ɗaya. Na daɗe a wurin. Kofur ya yi shekaru a ƙasar nan, da idonsa ya bi ta waɗannan hanyoyi, amma bai taɓa ba mu ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ashe cikin duk abin da ya gani, wanda za a iya yin dariya a kansa kaɗai ya ɗauko ya kawo mana gida. Na hau tsanin nan a hankali fiye da yadda na sauka.

A fili kuwa ga igwa-igwa sun ɗaga baki sama, ga jiragen sama, wani ƙato, wani ɗan mitsitsi kamar fara wanda ban yarda in sa ko kazar jiya a ciki ba. Ga wasu bokitai na ƙarfe da wani ya nuna mini da hannu cewa bam ne, na ja da baya ina salati. Abin da ya ɓata mini rai shi ne jirgin ruwa. Ƙaton jirgin yaƙi, sun jawo shi sun dasa a kan tudu, babu ko kududdufi kusa da shi. Mu in jirgi ya tsufa a bakin ruwa muke barinsa ya ƙarasa, yana jin igiyar ruwa tana taɓa shi. Na dafa cikinsa, zafin rana ya ƙona mini hannu. Na ce masa ya yi haƙuri, ni ma haka anka yi mini.

Na zaga bayan jirgin, sai na gan ta.

Tana tsaye a jere da wasu motocin sulke na Turawa masu santsi, ita kaɗai ce mummuna. Ƙafafunta na sarƙa ne, na katafila sak. An yanko faranta na ƙarfe an liƙa mata ta ko'ina, wani ya fi wani kauri, walda ta yi tudu-tudu kamar tabon ƙuna. Ga 'yan ramukan leƙen. Ga hancin bindiga. Fentin ya koɗe, amma a lungunan da rana ba ta kai ba, ja ne. A gabanta akwai 'yan lotsattsun wurare birjik inda harsashi ya doka ya yi tsalle. Ko abu guda Kofur bai ƙara ba. Ya ma rage, don bai gaya mana muninta ya kai haka ba.

Na juya dama da sauri, bakina cike da magana, don a damata Kofur yake zama a majalisa. Ciyawa ce kawai a wurin.

Na ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa yadda muke gwada cikin jirgi, na bi ɗinkin waldar da farce. Da jirgi ne ba zan ɗauki akuya a ciki ba. Mai gadi ya busa mini usur daga nesa, na ɗaga hannu na ja baya. Sai na ji an ce, "Malam, daga ina?"

Wani dattijo ne Inyamuri zaune a inuwarta a kan dutse, da lema a kan gwiwa. Hausarsa ta Gusau ce tsaf, a can anka haife shi, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Na zauna kusa da shi, na ba shi labarin Kofur da gonar rogo da takalmi. Ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Ƙanena ya tuƙa irinta. Ya ce ciki kamar tanda, ba ka ganin gabanka, ba ka jin na kusa da kai. Ga ta da mutuwa a tsakiyar hanya. In ta mutu kuwa sai addu'a, don ƙofar ba kullum take buɗewa ba. Ya ce duk ranar da ya leƙa ya ga sojanku suna gudu, godiya yake yi wa Allah, don da sun tsaya da sun gane."

Na ce, "Ashe na ciki ya fi na waje tsoro."

Ya ce, "Nesa ba kusa ba."

Na tambaye shi inda ƙanen yake yanzu. Ya dubi motar, ya ce daga fitarsa ta ƙarshe bai dawo ba, ba a kuma nuna musu inda yake ba, shi ya sa in ya sami sarari yakan zo nan ya zauna. Na kwance ƙullina na miƙa masa ƙuli-ƙuli. Ya juya shi a hannu, ya ce rabonsa da shi tun barinsa Arewa. Haƙoransa ba su fi nawa ba, munka zauna muna tsotsa kamar yaran goye har inuwar ta gudu ta bar mu.

Na nemi mai hoto don in tafi da shaida. Anka ce akwai wanda ke zama a bakin ƙofa, amma ya tafi ƙauyensu jana'iza, sai wani mako. Ni kuwa motar albasa ba za ta jira ni ba. Haka na fito da abin da na shiga da shi, ido biyu da baki guda.

Da dawowa, manja da garin rogo motar ta ɗauko, na zauna a kan jarkoki, kwat ɗin aro ta sha jan mai. Hanyar ban ganta sosai ba, lissafi nake yi. In na shiga na durƙusa na ce, "Kofur, gaskiyarka, ka yafe mini," to na yi masa bankwana ke nan, irin maganar da ake yi wa wanda aka fid da rai da shi, kuma zai gane. In kuma na ce babu komai a can, na zalunci mutumin da ba shi da bakin ramawa. Har munka haye Kwara sau biyu ban sami mafita ba.

Na sauka Wara da la'asar, majalisa ta cika. Anka yi mini barka da zuwa, anka ce, "To, Mai Fito, me ka gano?" Na gyara tsayuwa na ba su labari tiryan-tiryan, sarƙa, walda, jan fenti, ramukan leƙe. Ban taɓa faɗin gaskiya mai tsawo haka ba a rayuwata. Sunka saurara har na gama. Sai mai shayi ya ce, "Ina hoto?" Na ce mai hoto ya tafi jana'iza. Wurin ya fashe da dariya, wani har da faɗuwa daga benci. Wani ya ce, "Jama'a, katafila ta haihu!" Na rantse, sunka ƙara dariya. Laifinsu kaɗan ne, duk wanda ya san ni ya san abin da bakina ya saba. Na tsaya a tsakiyarsu ina kallon haƙoransu, na ji abin da mutum ke ji in ya ga abu da idonsa ya dawo cikin 'yan'uwansa shi kaɗai da shi. Ni na yini guda ke nan, Kofur kuwa na shekara ashirin. Ban zauna ba, na ɗauki butata na wuce.

Uwargidan Kofur tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ce yana nan yadda na bar shi. Na shiga ban yi sallama mai taushi ba, na zauna a bakin tabarma, na yi wa ƙeyarsa magana.

"Kai, matsoraci. Daga Umahiya nake. Na ga katafilar taka."

Bai motsa ba, amma na san ya kasa kunne.

"Tana nan yadda ka faɗa, da sarƙarta da jan fentinta, har da inda kunka ɓata harsashin gwamnati a goshinta. Ba ka yi ƙarya ba. Amma Kofur, wannan abin ka guje wa? Abin da jaki mai ciki zai tsere masa? Na gamu da yayan direbanta, ya ce na ciki kuka yake yi yana kiran uwarsa, yana roƙon Allah ku gudu. Kai kuwa ka taimake shi har da kyautar takalmi. Na duba gonakin rogo tun daga Anacha ban gan shi ba, ina jin yana can yana gudu har yanzu."

Bai juyo ba. Na ce a raina, shi ke nan, na ƙarasa shi. Sai na ga kan yana juyowa, a hankali, kamar jirgin da ya cika kaya. Ya sauke idonsa a kaina, ido guda yana ruwa. Ya ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, ya kawo shi daidai fuskata, ya ware yatsu biyar ya watsa mini daƙuwa.

Na ce, "Gwaggonka dai ka zaga."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ba magana ba ce, amma na san shi. Uwargida tana bakin ƙofa da rariya a hannu, tana dariya tana share ido da gefen zane. Ta ce, "Ku dai ba za ku girma ba." Na ce ta kawo kunu, in ya ƙi sha ni ina so, kwana da kwanaki ayaba nake ci. Da ta kawo na kai hannu, ya riƙe kofin da hagunsa ya ƙi saki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, kaina ba ya ɗaukar kaya da yawa. Na gane mutanen da ake ba mu labarinsu a yaƙi suna da ƙanne, kuma suna zama a inuwa suna jiransu kamar kowa. Na gane tausayi ma yana iya kwantar da mutum in ya fito daga bakin da bai saba da shi ba. Kofur bai warke ba, magana ba ta dawo ba, mai magani ya ce sai abin da Allah ya yi. Majalisa kuwa na rage zuwa, don ko na ce ruwa ya ƙaru sai an aika a dubo. Yanzu a duk faɗin Wara mu biyu ne munka ga katafila, ɗaya ba ya magana, ɗaya ba a yarda da tasa. Ga la'asar ta yi, bari in ajiye alƙalamin nan in tafi in karɓi zagina.